Hayaƙin Gidan Mehele

Arilah, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga 'yata Aitalina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yaran. Ni ce Balbara, maƙwabciyar babanki, in har zaman birni ya sa kin manta rubutuna. Kin san kunnen nan nawa ya mutu, in na ɗauki waya sai in yi ta "iye? iye?" har mai magana ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Uiban direba zai kawo miki, haɗe da madarar da na daskarar wa yara. Ki duba da kyau, ƙwarya huɗu ce, don Uiban ba a ba shi ajiyar abinci a juya baya.

Mutanenki sun gama aiki. Tukunyar lantarkin da za ta riƙa ɗumama gidan babanki sun kafe ta a bango bayan ƙofa, fara sol, ba ta fi akwatin kaya girma ba. Sun bi bango da fayif ɗaki ɗaki, sun cika ruwa, sun danna wani abu, wai shi ke nan. Na ce wa babbansu, "Yanzu wannan 'yar abar ce za ta yi kokawa da Janairu?" Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ki dai zuba ido." Na ce to, muna nan.

Babanki kuwa, Mehele sarkin taurin kai, ya zauna a kujera tun safe da hula a kai, ko sannu bai ce musu ba. Sai da suka zo kan murhun bulo, wai a rushe a sami fili, sannan ya miƙe. "Wanda zai taɓa bulo ɗaya," in ji shi, "ya fara rushe ni tukuna." Suka ja baya. A nan kam ina bayansa. Murhun nan shi da marigayiya Marfa, mahaifiyarki, suka gina da hannunsu, ni nake miƙa musu laka. Amma an tura marfin bututun hayaƙin ya rufe, an ɗaure shi da igiyar ƙarfe can sama, kamar yadda kika ce a yi.

Kada fushinsa ya dame ki, kin yi daidai. Ni da idona na gan shi bara, ba labari aka ba ni ba. Na tashi na leƙa taga kamar kullum, bututunsa shiru, ba hayaƙi. Mehele da yake riga kowa hura wuta a layin nan! Ko mayafi ban ɗauka ba na faɗa gidan, na same shi kwance leɓe ya yi shuɗi, ya rufe marfin tun garwashi bai mutu ba, wai kada zafi ya gudu, iskar garwashin ta cika ɗakin ta bugar da shi. Da ƙafa na jawo shi waje. To yanzu ba garwashi, ba marfi, ba faskare, sai ya zauna ya huta kamar sauran tsofaffi.

Ki gaida kowa. Ki huta lafiya.

Innarki,
Balbara

*

Yakutsk, Nuwamba

Zuwa ga Inna Balbara,

Gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Saƙo ya iso, madara ƙwarya uku da rabi. Uiban ya ce rabin hanya ce ta ci.

Inna, na gode, ban san da wane baki zan gode miki ba. Tun abin da ya faru bara ban sake barci mai daɗi ba. Na faɗa wa Baba gaskiya da bazara: ko dai a sa masa tukunyar nan ya daina wasa da garwashi, ko kuma ya tattara ya dawo wurinmu. Ya ce shi ba zai mutu a bene hawa na bakwai kamar tsuntsu ba, a gidansa zai zauna har ƙarshe. Ni ma abin da nake so ke nan. A gidan nan aka haife ni, kuma na san ranar da aka raba shi da shi, an gama da shi. Duk wannan ɗawainiyar don ya zauna ɗin ne, amma shi gani yake na ƙwace masa wani abu.

Ya yi mini alkawari ba zai kunna murhun ba sai in lantarki ya ɗauke. Don Allah ki sa mini ido. In kika ga ko ɗan siririn hayaƙi a bututun nan, ki aiko mini.

Kin tuna mini da gasar da kuke yi da Mama. Muna yara, in ta tashi sai ta leƙa taga ta ce, "Maza miƙo ashana, kada matar can ta riga ni ta yi mini gori a shago." Ban san Baba ya gaji wannan rigimar ba sai da ta rasu.

Mu a nan zafi ne ya ishe mu. Gidan gaba ɗaya daga tasha ɗaya ake ɗumama shi, ba mai iya ragewa, sai mu buɗe taga a tsakiyar hunturu. Ki gaida mini Baba, ko da yake na san zai ce bai ji ba.

'Yarki,
Aitalina

*

Arilah, Disamba

Aitalina,

Ina gaishe ki. Ki gaida mijinki da jikokina.

Abarki tana aiki. Ba ni da abin cewa a kanta. Gida ya yi ɗumi har ƙarƙashin gado, inda tun da aka gina shi nama ke daskarewa. Naman na fitar da shi waje. Da singileti nake yawo kamar ɗan kokawa.

Ina tashi lokacin da na saba. In zauna a bakin gado. In sa takalmi. Sai in tuna ba inda za ni. Itacen da na faskara da bazara yana nan jere a jikin shinge, ina kallonsa yana kallona.

Jiya na soya fanke. Na ɗauki na farko zan ba wuta rabonta kamar yadda uwarki take yi, sai na tsaya da shi a hannu a tsakiyar ɗaki. Wa zan ba? Akwatin? Na cinye. Bai yi mini daɗi ba.

Ga abin da nake roƙo. Ki bar ni in kwance igiyar nan in riƙa hura 'yar wuta da safe. Ba don zafi ba. Ɓawon itace da 'yan ƙirare kawai. Marfin ba zan taɓa shi ba, a buɗe zai wuni. Na yi miki alkawari, ni kuwa ba na karya magana, shi ya sa nake tambaya.

Balbara ta lalace. Tun da ta rasa abokin gasa sai gari ya kusa wayewa hayaƙinta ke tashi. Ni ina ganin nata. Ita ba ta ganin komai.

Babanki,
Mehele

*

Yakutsk, Disamba

Baba,

Barka da hutawa, da fatan kana shan maganin hawan jinin nan kullum, ba sai ranar da ka ga dama ba. Yara sun yi ta dariyar singiletin.

Haba Baba! Bara ma ai cewa ka yi ba ka rufe marfin da wuri ba. Hannu ne ya saba, shi zai rufe kafin ka tuna. Kuma in aka bar shi a buɗe, duk ɗumin da tukunyar ta tara ta nan zai fice, ga babban sanyi yana tafe. Ka yi haƙuri zuwa Maris. In na zo hutu zan kawo magini ya cire marfin gaba ɗaya ya gyara bututun, sannan ka hura wutarka ka ba ta fanke har ta ƙoshi. Maris ba nisa.

Ita kuwa Inna Balbara ka bar ta ta yi barcinta, ta sha gasa shekara da shekaru. Na sa maka shayi da safar ulu a wurin Uiban.

'Yarka mai ƙaunarka,
Aitalina

*

Arilah, Janairu

'Yata Aitalina,

Gaisuwa da fatan alheri, barkanmu da sabuwar shekara. Yau na zo in ba akwatinki haƙuri, na raina shi ashe namiji ne.

Ke dai bari! Sanyin bana ko ni da na tsufa a nan na sara masa. Ma'aunin jikin tagata ya sauka ya wuce hamsin da biyar ƙasa da sifili, ya zauna a can ya ƙi tashi. In ka fita numfashinka ma ji kake yana ƙara a iska. An rufe makaranta. Fayif ɗin ofishin ƙauye ya fashe, ruwan ya daskare a ƙasa har sakatare ya zame ya zauna a kai, abin dariya abin tausayi. Ni sau uku nake cika murhuna a yini, duk da haka da takalmin fata nake kwana, bokitin bakin ƙofa kuwa sai na fasa shi da gatari.

Ranar da ya ɗan sassauta na lallaɓa gidan babanki in ga ko ya daskare. Tabɗi! Ina buɗe ƙofa tabarauna ya rufe da tururi. Ga mutumin a zaune ƙafa ba safa, yana yanka daskararren kifi, furen Marfa da ke kan taga har ya fitar da sabon ganye. Na ce, "Kai tsoho, mu muna can muna mutuwa kai kana nan kana bazara?" Ya ce, "Zauna ki sha shayi, malalaciya. Yau ma kin makara, ina kallonki." Na ce, "Kai da ba ka da hayaƙi ko na sigari, da me za ka yi mini gori?" Sai ya turo mini sukari.

Maganar sa ido, ki kwantar da hankalinki. Bututunsa har hular ƙanƙara ya yi, ko sau ɗaya bai kunna ba. Da farko nakan leƙa da safe don sabo, in ga ba hayaƙi in zabura, sannan in tuna. Da abin ya ishe ni sai na mayar da kujerata ɗaya tagar, kusa da murhu, inda gwiwata ta fi jin daɗi. Fitilarsa dai ina hango ta ta cikin ƙanƙarar taga in na wuce, ita ce shaidata yanzu.

An ce wani sanyin na biye. In kin ji ni shiru, ina ɗaki ne ina gadin wuta. Ki shafa mini kan yara.

Innarki,
Balbara

*

Yakutsk, Fabrairu

Inna,

Ina gaishe ki. Ki gafarce ni, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso da Baba, yana asibiti a nan, yana da rai. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Magana ta tafi. Yana gane ni, yana bi na da ido, in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito, sai ya rufe ya juya fuska bango.

Likitar ta faɗa mini abu biyu, kuma tun jiya su nake juyawa. Ta ce da a gidan murhu ne ya faɗi a irin sanyin nan, wuta ta mutu, da gawa za a tarar, ɗumin gidan ne ya riƙe shi. Sannan ta ce irin wannan ciwon da wuri ake kama shi, da an kawo shi a ranar da ya faɗi, da wataƙila an ceci hannun da bakin. Na ce yaushe ya faɗi? Ta ce ba ta da tabbas, amma ya kwana a ƙasa fiye da sau ɗaya.

Ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta ce ke kika same shi. Ta ƙi faɗa mini sauran, ta ce in tambaye ki. Inna, kada ki rage mini komai don tausayi. Yatsunsa na hagu duk sun ƙuje, ina so in san dalili.

Aitalina

*

Arilah, Fabrairu

'Yata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu, ina yi wa kaina. Tun da kin ce kada in rage, ba zan rage ba.

Sanyin da na ce miki yana tafe ya zo, ya fi na farko. Ban fita ba sai ɗaukar itace da ƙanƙarar da nake narkarwa don sha, in dawo da gudu. Duk safiya ina hango fitilar babanki a kunne, in ce tsohon ya tashi. Ni da kaji nake kwanciya, ban taɓa lura cewa fitilar nan ba ta mutuwa ba.

Da sanyin ya karye aka yi 'yar dusar ƙanƙara. Da rana tsaka na fita, na dubi ƙofarsa, dusar tana nan lumui, ba sawu ko ɗaya. Mehele da ba ya bari ta kwanta, tana sauka yana shara! Ga fitila a kunne da rana.

Na tura ƙofa, ɗumi ya buge ni kamar kullum, akwatin yana 'yar ƙararsa hankali kwance. Kofin shayinsa a fashe a gindin tebur, a nan ya faɗi. Amma ba a nan na same shi ba. Ya ja jiki da hannu ɗaya tun daga tebur har bakin murhu. Ya buɗe ƙofar murhun, ya tura ɓawon itace a ciki. Ashana a warwatse ko'ina, kwalin duk ya tauna shi, da haƙori yake riƙewa yana ƙyastawa da hagu. Ko ɗaya ba ta kama ba. Wayar tana can kan kanta, ko ya kai gare ta da wane baki zai yi magana? Ni yake kira, Aitalina. Ya san abu ɗaya ne zai fito da ni daga ɗaki a guje, in ga hayaƙi a bututun da aka hana shi.

Na ɗaga kai na ga marfin a ɗaure can sama da igiyarsa. Da ashanar ta kama, hayaƙin a ɗaki zai tsaya ya kashe shi. Har yanzu ban san ko in gode wa Allah da ba ta kama ba, ko in yi kuka. Ina yin duka biyun.

Da ya gan ni bai yi ƙoƙarin magana ba. Ya dube ni kawai, irin kallon da yake mini in na makara.

Shekara arba'in ina kallon bututun nan, na mayar da kujera saboda gwiwa. Taku nawa ne tsakanina da ƙofarsa? Da na riƙa leƙawa ko sau ɗaya a yini, sanyin ba zai cinye ni ba. Ya faɗa mini da bakinsa yana kallon nawa, na mayar masa da gori. Kada ki ɗora wa kanki ke kaɗai, ni ma na ce kin yi daidai, kuma da za a sake tambayata a watan Oktoba haka zan sake cewa. Abin da ke cina ke nan.

Ki riƙe masa hannun mai lafiya ki ce Balbara na gaishe shi.

Innarki

*

Yakutsk, ƙarshen Maris

Zuwa ga Inna Balbara,

Bayan gaisuwa, da fatan kin samu sauƙin zuciya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na karanta wasiƙarki sau ɗaya, ban iya sake buɗe ta ba.

An sallami Baba, yana gidanmu. Yana zama a kujera, yana cin abinci da hagu, amma ba zai sake zama shi kaɗai ba, likitoci sun gama magana. Ga shi a hawa na bakwai ɗin da ya ce ba zai zauna ba. Maris ɗin da na ce masa ba nisa ga shi ya zo har zai wuce.

Ya rubuto mini a Disamba ya ce ke ba kya ganin komai. Na karanta wa yara muka yi dariya, na ɗauka tsokanarki yake yi. Ƙirare kawai ya roƙa, Inna, ya kuma tsaya neman izini kamar yaro, don ba ya karya magana.

Kullum da asuba yana farkawa, ya yi ta bugun gado sai an tura shi bakin taga. Ba abin da ake gani sai gidaje da hazo. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga hannun hagu yana juya yatsa sama, ya dube ni. Da farko na ɗauka fitila yake so, ko labule. Jiya na ce, "Baba, hayaƙin Inna Balbara?" Ya runtse ido. Na ce masa ya tashi tun ɗazu, kin hura wuta lafiya lau. Ƙarya na yi, ina zan sani? Tagarsa ce kaɗai take kallon bututunki a layin nan, yanzu wa yake duba ki?

Roƙo na ƙarshe. Kafin hanyar ƙanƙarar kan kogi ta narke, ki sa Uiban ya zare ruwan fayif ya kashe tukunyar, ki rufe gidan ki riƙe makullin. Furen Mama ki ɗauka. Itacen jikin shinge naki ne, na san shi ma haka zai ce.

'Yarki,
Aitalina

*

Arilah, Afrilu

Aitalina,

Ina gaishe ku duka. An zare ruwan, an kashe akwatin, furen yana tagata. Na mayar da kujerata inda take da.

Maganar mai duba ni, matar Uiban ta ce za ta riƙa zagayowa. Ta zo sau biyu.

Yau da asuba, kafin in taɓa murhuna, na shiga gidanku na hau kujera na kwance igiyar nan na buɗe marfin. Na hura wuta da ɓawon da ya tura da hannunsa, yana nan yadda ya bar shi. Na ba ta fanke da man shanu. Sannan na koma ɗakina na zauna a taga cikin sanyi ina kallo. Ya tashi sambal, fari, har ya wuce kan itatuwa. Sai da ya ƙare na koma na rufe gidan.

Gobe in ya ɗaga hannu, ba sai kin yi masa ƙarya ba. Ki ce masa yau hayaƙinsa ya riga nawa tashi, na gani da idona.

Ku huta lafiya.

Balbara